Wayyo Yaya a Lasifika

A gidan tela, Auta ba ta taɓa kai magana ƙarshe ba. Tana da abin faɗa, gidan ne ba ya jira. In ta ce, "Umma, yau a aji...", sai yayanta ya karɓe da labarin ƙwallo, don shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar makarantarsu, har sunansa ya ɓace, kowa Gola yake ce masa. In ta sake ɗaukowa, Umma ta ce a miƙo mata tsintsiya. Baba kuwa yakan dawo daga shago da ƙarar keken ɗinki a kunnensa, abin da yake so kawai a yi shiru. Da ta ga haka sai ta koyi haɗiye sauran maganarta, kamar yadda ake haɗiye magani.

Haka ake yi a gidaje da yawa. A toshe bakin yaro da hannu, a dawo ana cewa ai shi miskili ne. Ba a haifar yaro da wannan, manya ne ke ɗinka masa.

Da ta shiga babban aji a sakandare, aka ce dole kowane ɗalibi ya zaɓi ƙungiyar da zai riƙa zuwa bayan an tashi. Masu baki suka yi rububin ta muhawara da ta wasan kwaikwayo. Auta ta tsaya a baya tana jiran a huce, har ko'ina ya cika. Saura ɗaya, ƙungiyar sharhin wasanni, wadda malamin tarihi ke riƙe da ita. Ɗalibai suna kiransa Malam Ƙeya, kuma a ranar farko ta ga dalili.

Ya kai su bakin fili ana atisaye, ya ajiye benci, ya zauna ya ba filin baya. Ya zana fili ƙarami a ƙasa da tsinke, ya ɗora murfin kwalba a tsakiya.

"Wannan murfin shi ne ƙwallo," in ji shi. "Ni makaho ne yau. Inda bakinku ya kai ta, nan zan kai ta. In kun yi shiru, ta tsaya. Kalma ɗaya kuma na haramta: kada wanda ya ce min 'ga shi nan'. Ga wa? A ina? Wanda ke gani ba ya bukatarku."

Wani yaro da ake kira Aku ya fara. Shi ya haddace muryar masu sharhi na rediyo tun yana firamare, kuma ya ɗauka gadon aikin a hannunsa yake. Ya cika ƙirji.

"Jama'a! Wuta! Wuta ake yi a filin nan! Kai! Kai! Ga shi nan, ga shi nan!"

Murfin bai motsa ba.

"Wa ya kama da wuta?" Malam ya tambaya, bai ko waiwayo ba. "A kira 'yan kwana-kwana ne? Zauna, Aku. Ka cika min kunne, ka bar ni a duhu."

Layi ya zo kan Auta. Ta kalli fili don kada ta kalli kowa. Murya can ƙasa ta ce, "Mai lamba takwas ya karɓa a tsakiya. Ya juya hagu. Ya ba dogon nan mai jan takalmi, yana gudu ta gefen layi, mutum biyu na binsa."

Murfin ya zame hagu, ya bi gefen layi.

Ta tsaya, don a nan ne aka saba katse ta. Babu wanda ya katse ta. Tsinken Malam yana kan murfin yana jira.

"Ina jin ki," ya ce. "Ina ƙwallo take?"

Ta ci gaba. Ta kai ƙwallon kusurwa, ta dawo da ita, ta faɗi wanda ya zame da wanda ya tsaya yana ɗaure igiyar takalmi. Da ta gama, Malam ya juyo ya dube ta sosai.

"Muryarki ta sauro ce," ya ce, "amma idonki na shaho ne. Lasifika tana gyara murya, ba ta gyara ido. Gobe ki dawo."

Ta dawo gobe, ta dawo jibi. Ta koyi dokar satar gida, ta koyi bambancin bugun tazara da bugun kusurwa, ta haddace 'yan wasa da tafiyarsu, har tana gane mutum daga nesa ko ba ta ga lambar rigarsa ba. Aku ya fara da yi mata ba'a, yana ce mata Sauro, daga baya ya koma yana matsowa kusa yana raɗa mata, "Ke, waye wancan mai kan kwakwa?" A hanyar gida takan yi wa titi sharhi a zuciyarta: mai babur ya kauce wa rami, akuya ta yanko ta dama, mai kayan miya ya tare ta da ƙafa. Ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ta gwada sau ɗaya, Gola ya karɓe da labarin sabuwar safar hannunsa.

Makarantar tana da lasifika guda a saman turke, kuma muryarta ba ta tsayawa a fili. Tana haura katanga ta sauka a titin baya, inda shagon Baba yake, tsakanin mai aski da mai gyaran babura. Ranar wasa mutanen titin ba sa barin sana'arsu, da kunne suke kallo.

Wasan farko da aka ba Auta abin magana, ita da Aku ne a tebur, suna karɓa-karɓa. Da fari komai ya tafi daidai. Ta ji muryarta ta fito daga saman turke, babba, kamar ta wata ba ita ba, ta tsorata, sannan ta ji daɗi. Ana dab da hutun rabin lokaci, ɗan gaban baƙi ya yanke 'yan baya ya fuskanci raga, daga shi sai Gola. Ya ɗaga ƙafa. Auta ta manta da tebur, ta manta da Malam, ta manta abin da ke hannunta.

"Wayyo Yaya!"

Lasifika ta kwashi maganar ta watsa wa unguwa. Ƙwallo ta shiga raga. Auta ta rufe baki da hannu, ta yi tsit. Aku ya miƙa hannu zai karɓa, amma ta ƙanƙame abin maganar a ƙirji, ta kasa saki, ta kasa cewa uffan.

A bayan katanga Baba yana gugar rigar wani mutum da zai zo karɓa da yamma. Ya ji muryar 'yarsa ta ce wayyo Yaya, sai shiru. Uba ba ya jin irin wannan ya tsaya tambaya. Ya saki dutsen guga a kan rigar, ya fita ba takalmi, tef ɗin awo na reto a wuyansa, ya kutsa ta ƙofar makaranta har tsakiyar fili yana kiran ɗansa. Ya tarar da Gola lafiya lau, yana sunkuye yana ciro ƙwallo daga raga. Fili ya ɗauki dariya har da alƙalin wasa. Da Baba ya koma shago, mai aski ne ya tarye shi da bokitin ruwa a hannu. Dutsen guga ya zana hotonsa a bayan rigar mutane, baƙi ƙirin.

Da yamma gidan ya yi zafi.

"Kin gama da ni," in ji Gola. "Tun daga fili har ƙofar gida yara ke bina, wayyo Yaya, wayyo Yaya. Har 'yan aji ɗaya! Wa ya aike ki? Ke da ko sallama ba a ji in kin yi?"

"Ni dai na ce 'ya mace da lasifika, ina dalili," in ji Umma.

Auta ta buɗe baki. "Baba, ni ban..."

"Ya isa," Baba ya ce. "Yau na ba mutum haƙuri har bakina ya bushe, na yi gudu ba takalmi a gaban 'ya'yan cikina. Daga yau in an tashi ki taho gida. Na gama magana."

Shi ya gama. Ita, kamar kullum, ba ta fara ba.

Ta yi kwanaki tana wucewa ta bakin fili kai a ƙasa, tana jin Aku shi kaɗai yana fama. Abu ɗaya ta taɓa iyawa a duniya, kuma da bakinta ta zubar da shi. Ga babban wasa yana matsowa, da makarantar ƙetaren gada, wanda duk shekara ake jira. Ranar da ta kasa daurewa, ta sami Malam a ofis yana duba takardun jarrabawa.

"Malam, don Allah ka je ka roƙar min Baba."

"Ba zan je ba."

Ya ajiye biro ya dube ta.

"Kin san laifinki?" ya ce. "Kina tsammanin ihun ne. Ihun ba komai ba ne, naka sai naka, ko ni ƙanena ne a raga zan iya yi. Laifinki shirun da ya biyo baya. Mutum ya ba ki aron kunnensa don ba ya gani, kin kai shi bakin rami kin sake masa hannu. Wannan cin amana ne, ba kunya ba. Da kin ƙara kalma uku, kin ce ƙwallo ta shiga, da rigar mutane tana nan."

Hawaye ya cika mata ido. Bai sassauta ba.

"Ki share. Bakin da ke son yi wa unguwa magana, ya fara da mutum ɗaya. In ba za ki iya tsayar da mahaifinki ya ji ki ba, ba ki da aiki a teburina. Kujerarki tana nan har ranar wasa. Bayan nan zan ba wani."

Magana ce mai ɗaci, amma malamin da ke shafa wa ɗalibi zuma a kunne ba ƙaunarsa yake yi ba.

Ba ta nufi gida ba, ta zagaya titin baya. Shagon Baba ɗan ƙarami ne: keke a bakin ƙofa don haske, teburin yanka a ciki, ƙyallaye a ƙasa, zare kala-kala a jere a kan ƙusoshi. Mai aski yana zaune a bencin waje, ba shi da kan da zai aske.

"A'a, 'yar rediyo!" ya ce. "Yau wa za mu yi wa wayyo?"

Ta gaishe shi, ta shiga ta durƙusa ta gaida Baba. Ya amsa bai ɗago ba, ƙafarsa na kan feda.

"Baba, na zo ne in..."

Keke ya ɗauki ƙara ya cinye sauran. Ta jira ya kai ƙarshen layi.

"Baba, ranar nan da..."

"Miƙo min almakashi."

Ta miƙa masa. Zuciyarta ta ce tashi ki tafi, kin gwada. Sai ta dafa teburin keken da hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri ka ɗan tsayar da keken. Ban gama ba."

Ƙafarsa ta tsaya. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Mai aski ya leƙo.

"Ranar nan na bar ka a tsakiyar magana," ta ce. "Na zo in ƙarasa maka." Ta ja numfashi, ta kalli bango kamar fili ne. "Saura kaɗan a tafi hutu. Mai lamba tara na baƙi ya karɓa a tsakiya, ya wuce na farko ta dama, na biyu ya zame ya faɗi. Daga shi sai mai tsaron gida. Mai tsaron gida ya fito, ya buɗe hannuwa, ya buɗe ƙafafu. Lamba tara ya buga a ƙasa, ba da ƙarfi ba. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gida ta kwanta a raga. Ɗaya da nema. Babu wanda ya ji ciwo. Abin da ya kamata ka ji ke nan, ban faɗa ba. Laifina ne. Ina so ka bar ni in koma, don aikin nan na iya shi, kuma ina son sa."

Baba ya cire tabarau.

"Ta tsakanin ƙafafunsa?"

"Eh, Baba."

"Ja'iri! Ni ce min ya yi harbi ne kamar na bindiga, ko aljani ba ya tarewa."

Mai aski ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gefen bakinsa ya ƙi. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, kamar yadin da ya kwana biyu a shago bai taɓa warware shi ba.

"Yaushe kika iya magana haka?"

"Da ma na iya, Baba."

Ya mayar da tabarau, ya gyara zaren allura.

"Ki koma," ya ce. "Amma da sharaɗi. Ko sama ce ta faɗo a filin nan, ki gaya min a kan wa ta faɗo. Ba ni da rigar da zan sake ƙonawa."

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Gola bai yi mata magana ba tun safe. Ta zauna a tebur kusa da Aku, ta goge tafin hannu a siket, ta karɓi abin magana. Aku ya kawo zafi, ita ta kawo hanya, suka riƙa miƙa wa juna. Aka tafi hutu babu ci, aka dawo babu ci. Sai can wajen ƙarshe, lokacin abin magana yana hannunta, aka jefo doguwar ƙwallo ta saman 'yan baya. Ɗan gaban ƙetaren gada ya bi ta a guje. Gola ya fito a guje. Suka haɗu a cikin da'ira da wata irin ƙara, duka biyu suka zube.

Ta ga yayanta a kwance bai motsa ba. Ihun yana nan a bakinta, ta ji ɗanɗanonsa. Ta danne shi da haƙori, ta tura magana a madadinsa.

"An yi karo a cikin da'ira. Mai tsaron gida da lamba goma duk suna ƙasa. Lamba goma yana riƙe da ƙauri. Mai tsaron gida yana kwance ta gefen dama." Ba ta tsaya ba. "Ya motsa hannu. Ya tashi zaune. Yana magana da alƙalin wasa. Ya miƙe da ƙafafunsa, lafiyarsa lau. Lamba goma ma an ɗaga shi, yana ɗingishi amma yana takawa."

Alƙalin wasa ya nuna bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya zaro jan kati ya ɗaga wa Gola. Fili ya rikice. 'Yan makaranta suka hau ihu, an yi zalunci, an sayi alƙali. Aku ya rufe abin maganar da tafin hannu ya raɗa mata, "Ki ce ƙwallo ya taɓa! Namu ne fa, Sauro, yayanki ne!"

Ta ture hannunsa. Ta ga abin da ya faru sarai, kuma akwai mutane a bayan katanga da ba su da ido sai nata.

"Mai tsaron gida ya makara," ta ce. "Lamba goma ya riga shi taɓa ƙwallo, shi kuma ya sami ƙafa. Alƙalin wasa ya ba da jan kati, ya ba da fenariti. Abin da ya faru ke nan."

Ihun ya juyo kanta. Wani ya jefo ɓawon lemo ya faɗi a kan tebur. Ta share shi da gefen hannu, ta faɗi wanda ya shiga raga a madadin Gola, ta faɗi wanda ya ajiye ƙwallo, ta faɗi kusurwar da ya buga da yadda ta shiga. Ta raka wasan har usur na ƙarshe. An ci su ɗaya da nema.

Da fili ya watse, tana naɗe wayar lasifika, Malam ya zo ya tsaya.

"Mako mai zuwa akwai tseren gudu," ya ce. "Ki je ki koyi dokokinsa. Ba ƙwallo ce kaɗai wasa ba."

"Malam, me ake karantawa in mutum yana so wannan ya zama aikinsa?"

"Aikin jarida. Amma ba sa ɗaukar wanda ya faɗi tarihi, kuma na ga takardarki." Ya juya ya tafi.

Gola yana jingine a bakin ƙofar makaranta, safar hannu a aljihu, gwiwarsa a kurje. Ya bari ta wuce, sannan ya biyo ta. Suka kama hanyar gida.

"Sai da kika gaya wa duniya," ya ce.

"Duniya ta gani da idonta, Yaya. Baba ne bai gani ba."

"Baki ya buɗe ke nan."

"Ya buɗe."

Ya shuri wani gwangwani ya bi shi da kallo. Suka wuce mai gyaran babura yana haɗa kayansa.

"Da gaske na makara?"

"Da gaske."

"Sosai?"

"Kaɗan. Kullum haka kake yi. In aka jefo doguwa sai ka fara ja da baya, sannan ka canza shawara ka fito. Wannan ja da bayan ne ke cin ka. Ranar lamba tara ma haka ka yi."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "Kociya bai taɓa gaya min ba."

"Shi ƙwallo yake kallo. Ni ina kallon kowa."

Ya sosa ƙeya, ya waiga hagu da dama ya tabbatar babu abokansa a kusa.

"Gobe muna da atisaye," ya ce. "Ki zo ki tsaya a bayan raga. In na ja da baya ki faɗa min. Amma a hankali, kin ji? Ba da lasifika ba."

"Sai na gama da dokokin tsere," in ji Auta. "In na sami lokaci, zan zo."